Na Yafe, Sai a Sauke Labule

Akwai wani tsohon littafin wasan kwaikwayo da na koyar har na gaji da shi, ina jin shi ma ya gaji da ni. Tun ina sabuwar malama a wata makarantar 'yan mata a nan cikin Sakkwato yake cikin littattafan da ake yi wa 'yan ajin ƙarshe jarrabawa a kansu. An cire wasu, an kawo wasu, shi yana nan daram. Nawa ma bangonsa ya yage tuntuni, da zare da allura na ɗinke shi.

Labarin wani hakimi ne da ya ƙwace wa wani manomi fadamarsa. Da manomin ya buɗe baki, sai ya sa aka ɗaure shi, har furfura ta fito masa a gidan yari. A fitowa ta ƙarshe hakimi ya tsufa, ciwo ya kwantar da shi, sai ya sa aka kawo manomin gaban fada. Ya yi jawabi mai tsawo a kan mulki da mutuwa da ranar hisabi, jawabin da yara ke shan wahalar haddarsa, sannan ya roƙe shi gafara. Shi kuwa manomin, abin da marubucin ya ba shi bai wuce ya ce ya yafe ba. Daga nan sai a sauke labule.

Kowace shekara abu ɗaya nake rubutawa a allo. Jigon wasa shi ne yafiya. Hakimi ya nuna tawali'u, manomi ya nuna haƙuri, mai mulki ya tuna akwai Wanda ya fi shi. Yara su kwafa, su haddace, su juye a takardar jarrabawa, su ci. Ko cikin barci aka tashe ni zan iya karanto shi ba tare da na yi tuntuɓe ba, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina komai a kansa ba.

Har shekarar da Innata ta kwanta ciwo.

Tana zaune a gidanmu na Unguwar Rogo tare da Goggo, ƙanwar mahaifina, ni kuma ina gidan mijina a Runjin Sambo. Lokacin jarrabawa ne, ga zafin bazara irin na garin nan da ke sa mutum ya ji haushin rigar jikinsa. Ina shiga makaranta da safe Goggo ta kira ni. Ta ce, "Ki taho maza, jikin ya tsananta, tana ta cigiyarki."

Na wuce ofishin shugabar makaranta neman izini. Gaskiya ɗaya ce, matar ba muguwa ba ce. Ita ta gyara mana rijiyar burtsatse, ita ta sa aka daina dukan yara da bulalar roba. Amma mace ce mai tsoron na sama da ita fiye da yadda muke tsoronta. Na durƙusa na yi mata bayani. Ko kai ba ta ɗaga daga takardun gabanta ba, ta ce, "Malama, yau manya za su zo daga ma'aikata, kuma ke ka tsaron jarrabawa. Kowa na da maras lahiya gida. In an tashi ki tahi."

Na ce to. Wannan to ɗin na sha juya shi a raina. Ƙafafuna ne, ba wanda ya ɗaure su, ƙofar makaranta kuma a buɗe take. Sai dai an raine mu a kan cewa na gaba in ya yi magana an gama, ga kuma aikin da da ƙyar na samu. Na ajiye wayata a jaka kamar yadda doka ta ce, na shiga ɗakin jarrabawa ina kai da kawowa tsakanin kujerun yara. Lissafi ma ake yi, ba darasina ba. Manyan da ake jira kuwa har aka tashi ba su zo ba.

Bayan azahar na tari ɗan kabu-kabu na hau babur ɗinsa, ina ce masa ya yi sauri. Tun daga bakin lungu na hango tabarmi a ƙofar gida, maza na zazzaune, ƙurar maƙabarta a ƙafafunsu. An riga an kai ta.

Mutuwa dai ta Allah ce, ban isa in ce da na zo da wuri da ba ta tafi ba. Abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. Kowa ya san abin da ɗa ke yi in ya ga uwarsa ta kai gargara: ya durƙusa kusa da kanta, ya ce ta yafe masa, ta ambaci sunansa ta ce ta yafe duniya da lahira. Yayyena sun samu, ƙanena ma da ya taso daga nesa ya samu. Ni da ke cikin gari ban samu ba. Goggo ta rungume ni tana cewa, "Bar kuka, ɗiyata. Cewa tay yi ta yahe ma ɗiyanta dut, ni nij ji da kunnena." Na gode wa Allah da wannan, har yau ina godiya. Amma yafiya ce ta taro, kamar alewar da ake watsa wa yara a gidan suna. Ni tawa nake so, wadda za a danƙa mini a hannu.

Shugaba ta turo mataimakiyarta da wasu malamai suka yi mini ta'aziyya, aka ce ita taro ya riƙe ta. Na koma aiki, ba ta ce mini komai ba, ni ma na bar kaza cikin gashinta. Shekaru suka yi ta wucewa haka. In gaishe ta, ta amsa, in shiga aji in rubuta jigon yafiya a allo, in fito in sha ruwa.

Wata shekara na samu wata yarinya a aji, irin masu zama a baya suna tauna murfin biro, ka ɗauka ba sa ji alhali sun fi kowa ji. Mun kai ƙarshen wasan ke nan, na juya zan fara rubutu, sai ta ɗaga hannu.

"Malama, in da ya ce bai yahe ba hwa? Mi za a yi mai? Ga dogarai nan tsaye bisa kainai."

Na ce wannan ba ya fitowa a jarrabawa.

Ta ce, "To ai ko hwadamatai ba a maida mai ba."

Aji ya kwashe da dariya. Na ce ta rufe mini baki ta kwafi abin da ke allo, in tana son gardama ta jira ta shiga jami'a. Ta kwafa. Ni ce dai na kasa cin abincin rana.

A cikin zangon nan ne shugabarmu ta samu kujerar Makka. Ana saura kwanaki a fara jigilar alhazai ta shigo ɗakin malamai, abin da ba ta saba ba, ta tsaya a tsakiya tana murmushi. Al'ada ce da kowa ya sani, mai tafiya aikin hajji ba ya tashi sai ya zagaya ya nemi gafarar mutane, kuma ba a taɓa jin wanda ya hana ba. Ta ce, "Jama'a, tahiya ta kama ni. Zama tare ba a rasa saɓani. Dut wanda niy yi ma laihi, da sani ko da rashin sani, don Allah shi yahe mani."

Ɗaki ya amsa baki ɗaya, "Mun yahe, Allah shi yahe muna gaba ɗaya."

Bakina bai buɗe ba. Wallahi ban shirya ba, ƙin buɗuwa kawai ya yi. Malamar da ke kusa da ni, aminiyata ce mai koyar da addini, ta mintsine ni a cinya har sai da na ji zafi, amma shiru. Shugaba ba ta ma lura ba, ta yi addu'a ta fita. Sauran kuwa sun lura, ɗakin malamai ba a rasa idanu.

Kafin magariba magana ta riga ni isa gida, har Unguwar Rogo ta kai. Maigidana ya ce abin kunya ne a ce matarsa ce ta riƙe mai tafiya ɗakin Allah. Goggo ta kira ni ta ce, "Ɗiyata, ba a riƙe baƙon Allah ga zuci. In ta tahi ba ta dawo ba hwa? Kina son ki tsaya da ita gobe ƙiyama?" Duk abin da suka faɗa gaskiya ne, na san ladan mai yafiya, ni ma ina neman Allah ya yafe mini. Abin da na kasa gaya musu shi ne ba ƙi nake yi ba. So nake ta san abin da take roƙo. Ta ambace shi da bakinta, ta ce ranar nan na hana ki tafiya, sannan in yafe mata abin da sunansa. Ban ga ya yi yawa ba.

Ana gobe za ta shiga sansanin alhazai na shirya na tafi gidanta a Gidan Dahala. A kan hanya ina ta bitar abin da zan ce, kamar yadda nake sa yara bita. Zan ja ta gefe, in tuna mata cikin ladabi, ta ba ni haƙuri, in yafe, kowa ya huta.

Babu gefen da za a ja ta. Falon cike yake da mata, wannan na cewa a yi mata addu'ar haihuwa, waccan na saƙon dabino da ruwan zamzam. Tana zaune a kan darduma ta sha lalle, jakunkuna jibge a bayanta. Tana ganina fuskarta ta washe, kuma har ga Allah murnar gaske ce.

"A'a, Malama, ke ta? Taho nan kusa."

Na ratsa na durƙusa a gabanta, mata suka zuba mana ido. Na ce, "Ranki shi daɗe, na zo kan maganar yahiya."

Ta yi dariya ta kama hannuna. "Haba Malama, mi at tsakaninmu? Ke da ba ki da hayaniya. Af, ƙaƙa jikin tsohuwa? Na tuna kin taɓa ce mani ba ta jin daɗi. Ki ba ni sunanta in yi mata addu'a can, Allah shi ba ta lahiya."

Duk bitar da na yi ta zube. An ce in maye ya manta uwar ɗa ba ta mantawa, to ni ɗiyar uwa ce, kuma ban taɓa zaton mantuwar ta kai nan ba. Shekarun nan da nake gaishe ta da dutse a ƙirji, ita ba ta ma san akwai dutsen ba.

Na ce, "Ta rasu, ranki shi daɗe. Rannan da niz zo neman izini."

Ta yi salati, fuskarta ta canza. Na ga tana lalube a cikin kanta tana neman ranar, na kuma ga ba ta same ta ba. Ta ce, "Allah shi jiƙanta, Allah shi sa ta huta. Wallahi ban..." Sai wayarta ta yi ƙara, masu awon kayan alhazai ne, ta ɗauka da ɗaya hannun tana ce musu jakar ba ta wuce kima ba. Hannuna yana cikin nata har lokacin. Matan falo suna jira, na ji idanunsu a bayana, na tuna yarinyar nan da dogaranta. Fadamar da aka ƙwace mini ba mai iya mayar mini da ita, ko da shugaba ta tuna.

Na ce, "Na yahe."

Ta ɗan janye wayar daga kunne ta ce, "Madalla, Allah shi yi maki albarka," ta koma kan maganar jaka. Wata tsohuwa ta ce kai, wannan malama akwai hankali. Aka miƙo mini lemo na ce ina sauri.

Ko da gaske na yafe, har yau ban sani ba. Na dai gaji da ɗaukar abin, kuma na gane ba wanda zai karɓe mini shi. Wasu ranakun ina jin ya sauka, wasu ranakun yana nan.

Ban koma gida ba, na ce wa ɗan kabu-kabu Unguwar Rogo. Na tarar Goggo ta tayar da sallar la'asar a tsakar gida, sai na wuce ta na ɗaga labulen ɗakin Inna. Ɗakin ya zama wurin ajiya, buhunan gero a jingine inda gadonta yake da, tsohon keken ɗinki a lungu, butarta a rataye ba mai taɓawa. Na cire takalmi na durƙusa daidai inda kanta yake kwanciya, na dafa buhu.

Na ce, "Inna, ni ta. Na zo. Ki yahe mani."

Na daɗe a durƙushe ina jira, har Goggo ta sallame ta kira ni in zo in sha ruwa.