Ranar da Mai Agogo Ya Miƙa Ƙararrawa

Shekara goma sha ɗaya ke nan Mai Agogo yana riƙe da ƙararrawar ƙungiyar taimakon unguwa, kuma a tsawon wannan lokaci Laraba huɗu kacal ya yi fashi. Da ƙarfe huɗu da rabi na yamma ake zaman, a ɗakin malamai na makarantar firamare, bayan an tashi yara. Tebura biyu ake haɗawa, a jera kujeru ashirin, ko da yake masu zuwa ba su cika wuce goma sha bakwai ba. Tasa kujerar ita ce ta bakin taga, inda haske ke faɗowa kan agogon aljihun da yake ajiyewa a gabansa, da 'yar ƙararrawar tagulla mai mariƙin katako.

Aikinsa ɗaya ne. Duk wanda ya miƙe zai yi magana, minti uku gare shi. Shi ya kawo dokar tun ƙungiyar tana da shekara biyu, ranar da aka kwashe awa uku ana gardama kan irin fentin da za a shafa wa bencinan ɗakin shan magani. Shi ne kuma ya ƙara cewa idan neman taimako aka kawo, babu tambaya babu ƙarin bayani, a ɗaga hannu kawai. Bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Ya katse Shugaba, tsohon hedimasta, yana tsakiyar yi wa baƙo godiya. Ya katse likitan da aka gayyato daga wani gari. Wanda ya fi shan ƙararrawar kuwa shi ne Direba, mutumin da gaisuwa kaɗai kan ci masa minti biyu.

Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai buga takardu da mai sayar da takalma. Da can mutane kan yi layi da agogunansu. Tun da waya ta shiga kowane aljihu, aikin ya koma canza batir da ɗaura sabon madauri, sai jefi-jefi wani dattijo ya kawo agogon bango na mahaifinsa. Bai taɓa kuka da hakan ba. Mutum ne da za ka wuni da shi ba ka ji kalma hamsin daga bakinsa ba.

Abin da ƙungiya ba ta sani ba shi ne wata huɗu ke nan Yayarsa tana kwance a gidansa. Ita ta rene shi tun yana ɗan shekara shida, bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau da furfurarsa da komai Auta take ce masa. Ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye, aka yi aiki bai kama yadda ake so ba. A kan katifa take, a ƙasa. Sau shida a rana sai an ɗaga ta, an juya ta, an jingina ta da filo. Da safe da yamma yana nan su kama tare da matarsa. Sauran huɗun matar ce ita kaɗai, har ta fara tafiya tana dafa bango. A makon da ya wuce kuma suka ga gyambo ya fara fitowa a bayan Yaya.

Ƙungiya tana da gadon asibiti guda ɗaya, na ƙarfe, mai hannu a ƙasa da ake juyawa kan gadon ya ɗago. Aronsa ake bayarwa. Ranar Litinin aka dawo da shi daga gidan da ya yi wata tara.

"Ko ka buɗe baki ka roƙa, ko ni in je in roƙa," in ji matarsa da safiyar Larabar, tana ɗaure bayanta da ɗankwali. "Shekara goma sha ɗaya kana kaɗa wa mutane ƙarfe, Malam. Yau sai ka yi magana."

Ranar bai iya aiki ba. Ya rubuta abin da zai faɗa a bayan kwalin batir, ya karanta yana auna kansa: minti biyar da daƙiƙa goma. Ya soke layi uku, ya dawo minti huɗu da rabi. Ya soke maganar rainon da Yaya ta yi masa, ya sake mayar da ita. Wani ƙaramin dunƙulen ƙarfe ya kuɓuce masa daga hantsaki sau biyu, abin da bai saba faruwa ba. Ya rufe shago tun ƙarfe uku, ya zagaye makarantar sau biyu kafin maigadi ya buɗe ƙofa.

Mutum goma sha bakwai suka zo. Gado shi ne batu na biyar a jerin abubuwan da za a tattauna, kuma na huɗun farko kamar da gayya suka ƙi ƙarewa. An ba da rahoton yashe magudanar bakin kasuwa. An yi magana kan waɗanda suka yi alkawarin ba da jini ba su je ba. Fankar sama tana ƙara kamar za ta faɗo. Mai Agogo ya taɓa aljihu ya ji kwalin yana nan, bayan kaɗan ya sake taɓawa. Da Tela ta miƙe kan batun rigunan makaranta na marayu, ya shagala har ta zarce da daƙiƙa ashirin.

"Yau kuma lafiya?" in ji Direba daga ɗaya gefen. "Ko don mace ce? Ni da tuni an datse ni kamar rake."

Aka yi dariya. Mai Agogo ya kaɗa ƙararrawar, bai ɗago kai ba.

Shugaba ya gyara tabarau. "Batu na biyar, gado. Mutum biyu suka nema. Mai Kemis, a madadin wani magini. Sai kuma..." Ya matso da takardar kusa da ido. "Mai Agogo, a madadin 'yar uwarsa."

Wasu suka juyo da kujerunsu.

"Ranka ya daɗe," in ji Direba, har yana miƙewa don murna, "ai mai neman abu ba ya riƙe ƙararrawa. Haka dokar ta ce, ko ba haka ba, Sakatare?"

Sakatare ya buɗe littafi ya ce haka ne.

"To a ba ni. Wallahi ko ba a biya ni ba zan yi wannan aikin."

Mai Agogo ya tura ƙararrawar da agogon a kan tebur. Suka bi hannu-hannu har suka isa gaban Direba, wanda ya ɗaga ta ya jinjina nauyinta, ya ce ashe 'yar mitsitsiya ce take hana shi sakat.

Mai Kemis ya fara. Mutum ne da ya saba da magana a bayan kanta. Ya ce maginin ya faɗo daga bene na biyu, bayansa ya taɓu, shekararsa talatin da huɗu, 'ya'yansa uku, matarsa da tsohon ciki. Likita ya ce in aka samu gado mai ɗagawa, akwai sa ran ya taka nan da wata shida. A minti biyu da daƙiƙa arba'in ya zauna. Mai Agogo ya ji kowace kalma, ya kuma san babu ƙarya a ciki.

Da ya miƙe, sai ya ga rubutun kwalin ya yi masa ƙanana. Ya ajiye shi. Kuma shi da ya tsani doguwar gaisuwa, sai ga shi yana gaida Shugaba, yana gaida Sakatare, yana gaida iyaye mata da ke wurin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce su shaida ne bai taɓa neman komai ba. Ya maimaita. Ya ce bai so a ce don yana cikin ƙungiya ne ya zo yana ture wani. Sannan ya fara labarin Yaya tun daga farko: yadda take goya shi zuwa makaranta in an yi ruwa, yadda ta sayar da keken ɗinkinta ta kai shi koyon gyaran agogo.

Yana cewa, "To, wata huɗu da suka wuce sai ta shiga banɗaki," sai ya ji a jikinsa. Bai buƙaci dubawa ba, amma ya ɗaga ido ga agogon bangon ɗakin, wanda shi da kansa ya gyara bara. Minti uku sun cika. Ya dubi Direba. Direba ya kifa tafin hannu a kan agogon aljihun, ya ƙura wa fanka ido kamar bai taɓa ganin irinta ba. Babu wanda ya yi motsi. Tela tana gyaɗa masa kai alamar ya ci gaba.

Maganar gyambon tana bakinsa, da ta ciwon bayan matarsa. Minti ɗaya zai ishe shi. Amma a kujerar da ke kusa da ƙofa akwai wata dattijuwa da ya taɓa katsewa tana roƙa wa jikanta keken guragu, ranar ta zauna tana share ido da gefen mayafi, aka kuma hana ta keken. Ga ta nan tana kallonsa.

"Lokacina ya cika," in ji shi, ya zauna.

"Wa ya ce?" Direba ya daka tsawa. "Ni ke da ƙarfe! Ka ji na kaɗa?"

"Ya cika tun daƙiƙa goma."

"Agogon nan naka gudu yake yi!"

"Agogona ba ya gudu."

"Kai dai Allah ya shirye ka, Malam. An buɗe maka hanya kana taka birki." Direba ya juya. "Ranka ya daɗe, a bar ni in tambaye shi abu ɗaya. Me ya samu Yayar tamu a banɗakin?"

Shugaba ya dubi Sakatare. Sakatare ya ce, a hankali, babu tambaya bayan roƙo. Bai faɗi wanda ya kawo dokar ba, kowa ya sani.

Masu roƙo biyu ba sa ɗaga hannu, Shugaba kuma sai an yi kunnen doki. Saura goma sha huɗu. Sakatare ya ƙirga sau biyu: takwas ga magini, shida ga Yaya. Hannun dattijuwar bakin ƙofa yana cikin shidan. Direba ya ɗaga hannu biyu, aka ce ya sauke ɗaya.

Aka yi batu na shida da na bakwai a gurguje. Da aka tashi, Mai Kemis ya zo ya kama hannunsa yana ba shi haƙuri. Ya ce babu komai, Allah ya ba maginin lafiya, kuma har cikin zuciyarsa ya faɗi haka. Direba ya dire masa ƙararrawar a gaba.

"Karɓi abarka. Ta fi ƙarfina."

A bakin ƙofar makaranta wani ya tare shi: Mai Walda, wanda bai fi shekara da shiga ƙungiya ba, kuma bai taɓa miƙewa ya yi magana a taro ba.

"Baba, a ƙasa take kwance?"

"A ƙasa."

"Ƙofar ɗakin faɗinta nawa?"

"Ban auna ba."

"Ku auna. Ni ban taɓa haɗa gado mai ɗagawa ba, gaskiya. Gobe zan je in leƙa ƙarƙashin wancan kafin a ɗauke shi. Ban yi alkawari ba fa, Baba."

Ya tafi gida da ƙafa, bai tsaya jiran mota ba, yana tafe yana jera maganar da ya kamata ya yi. Yanzu da ba kowa, tsaf take fitowa, kuma da ya auna ba ta kai minti biyu ba.

Matarsa tana tsakar gida tana kwashe shanya. Kallo ɗaya ta yi masa.

"Ba a ba ka ba."

"Takwas da shida."

"Ka faɗa musu gyambon?"

Ya girgiza kai.

"Ka faɗa musu ciwon bayana?"

"Lokaci ya ƙare."

Ta ninke zanen da ke hannunta, ta sake warware shi, ta sake ninkewa. "Laraba mai zuwa da ni za a je," in ji ta. "Ka tanadi ƙarfenka."

Daga cikin ɗaki muryar Yaya ta fito. "Auta ne? Ku zo ku juya ni, gefen nan ya mutu."

Ya cire hula ya rataye, ya naɗe hannun riga. Ya ce wa matarsa ta tsaya, yau shi zai ɗauki wajen nauyin, ita ta riƙe ƙafafu kawai. Ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin kafaɗun Yaya, suka ƙirga ɗaya, biyu, uku, suka juya ta. Ta cije leɓe har zafin ya wuce, sannan ta buɗe ido.

"An ce roƙo ka je. Ka dai buɗe baki?"

"Na buɗe, Yaya."

"Me ka ce musu?"

"Na ce kin sayar da kekenki."

"Oh ni! Aka aike ka neman gado, ka je ka tona min asiri." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta taɓa mata ƙugu, ta daina. "Sa min filon nan a baya. A'a, ƙasa kaɗan."

Ya gyara filon. Sannan ya tambayi matarsa inda ta ajiye tef ɗin awo, ya ɗauko, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Ita ta riƙe masa ɗaya bakin da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana dafe da bango.