Layin Shuɗi a Lurun Mahaifina

A shekarata ta ƙarshe a kwalejin koyon sana'a aka tura mu, mu huɗu, wata masaƙa a Challawa don mu koyi zanen yadi. Tun ranar farko shugaban ɗakin zane ya gaya mana gaskiya: kujera ɗaya ce babu kowa a kanta, wanda zanensa ya fi a ƙarshen wata shida shi zai hau. Ina son kujerar nan ba kaɗan ba. In na rasa ta, sai komawa ƙauyenmu bayan Kumbotso, inda mahaifina yake saƙar hannu a gindin darbejiya.

Aikin kansa ba wani abin mamaki ba ne. Takarda ce mai ƙananan gidaje, kowane gida mahaɗar zaren tsaye da na kwance. Ka cike wasu, ka bar wasu, sai a huda kati bisa zanenka a ɗora wa inji. Akwai manyan littattafan samfur da aka kawo daga waje, a cikinsu dukanmu muke kiwo. Na fi kowa tsabtar hannu, har ina ɗan hura hanci.

Wata rana shugaban ya cakuɗa zane-zanenmu a kan tebur, ya ce kowa ya ɗauki nasa. Da ƙarfin gwiwata na ɗauki na wani, ina zaton nawa ne. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Kun iya kwafi. Amma in kwafi nake so, littafin ya ishe ni." Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai.

A ɗakin da nake haya a Panshekara ina da luru, saƙar mahaifina. Siraran ƙyallaye yake saƙawa, kowanne faɗin tafin hannu, sannan a ɗinke su gefe da gefe. Da ido yake awo, saboda haka layukan shuɗin ba sa haɗuwa: wannan ya ɗan hau, na kusa da shi ya ɗan sauka. Kunyar abin nake ji, in abokai za su shigo sai in ninke shi in tura ƙarƙashin katifa. Ran wata Lahadi na wanke shi na shanya, na zauna ina jira ya bushe. Na daɗe ina kallonsa ban gaji ba, alhali yadin littafin nan kallo ɗaya yake isata.

Sati uku na yi ina zana shi. Na gusa wannan layi gida biyu, wancan gida biyar, wani ɗaya tak, yadda ido ba zai kama ƙa'idar ba. Na kai wa mai huda kati, wani dattijo mutumin Nijar. Da samfurin ya fito daga inji, layukan nan sun miƙe sambal. Na ɗauke shi na koma wurin dattijon.

"Ɗana, na ga hannunka ya goce a wurare," in ji shi a hankali. "Na gyara maka kafin Oga ya gani."

"Malam, ku yi haƙuri, da gangan na yi."

Ya dubi takardar, ya dube ni, sai ya yi dariya. "Wato lurun gida kake so inji ya yi. To, kawo." Ya sake huda katin daga farko.

Shugaban ya ɗaga yadin a hasken taga, ya tambaye ni a wane littafi na gani. Na ce ba a littafi ba ne. Ni aka ba kujerar.

Ranar Juma'a na yanki ƙyalle na kai wa mahaifina, ina jiran yabo. Ya ajiye ƙoshiyar saƙa, ya bi layukan da babban yatsa.

"Injin ne ya yi muku haka?"

"Ni na sa shi, Baba. A lurunku na gani."

Ya sake duban ƙyallen. Sannan ya ce, "Tun ina saurayi nake fama layin nan ya haɗu, bai taɓa haɗuwa ba. Na ɗauka ba wanda ya lura."

Kunya ta rufe ni. Ya ninke ƙyallen ya sa a aljihu, ya koma kan saƙarsa. Da ya zo layin shuɗi, na ga ya tsaya, ya karyi tsinke ya auna.