Mai Gadin Batura

Ina kan keke ina ɗinka wuyan wata riga, fanka tana juyawa a kaina, ƙanwar abokina ta kira ni a waya. "Yaya Tela, an ɗauke wuta tun hantsi, injin ya tsaya. Ya tafi." Na daɗe ina kallon ƙwan fitilar shagona yana ci.

Gajere muke ce masa, shi kuwa yakan ce ai shi ya sa aka ba shi gadin abu mafi tsawo a unguwa, wato ƙarfen sabis ɗin waya. Tare muka taso. Ni na kama allura, shi ya kama mukullin shingen da ya kewaye ƙarfen. A ciki akwai ɗan ɗaki mai sanyi, batura jere a kan kanta. Kullum sai ya goge su da tsumma, ya taɓa su da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro. "Matana ke nan," in ji shi, "ba sa cewa cefane ya ƙare."

Kafin zuwan baturan, hayaƙin tsohon janaretan wurin ya yi ta shaƙa shekara da shekaru. Hayaƙin nan ne ya cinye masa ƙirji. Da abin ya yi tsanani, 'yan'uwa suka haɗu suka samo masa injin numfashi mai aiki da lantarki, aka ajiye a ɗakinsa, katanga ɗaya tsakaninsa da shingen. In aka ɗauke wuta, sai mu fito da shi ƙofa mu yi ta fifita, muna kallon haƙarƙarinsa yana hawa yana sauka. Ƙaramin janareta kuwa, ko an kai shi bayan gida, tari yake tayar masa.

Ana nan sai injiniyoyi suka zo da sabon tsari: in wutar gari ta yi rauni, baturan za su riƙa tura tasu cikin babban layi. Ranar har rawa ya taka, yana haki. "Tela, matana za su ciyar da gari!" Sun ciyar ɗin. Amma layin da aka ɗora su a kai na kasuwa ne, inda shagona yake, ba na unguwarsa ba. Mun je ofis mun roƙa. Mutumin da muka samu ya saurare mu sosai, ya ce ba a hannunsa abin yake ba, kuma na yarda da shi. Da yake layinmu daban ne, ranar da ya rasu ban san an ɗauke musu wuta ba.

Ana gobe zai rasu na je da yamma, ɗauke da naɗin wayar wuta a kafaɗa. Yana kishingiɗe, robar injin a hancinsa.

Na ce, "Gajere, ba ni mukulli in jona wayar nan da baturan. Ta kan katanga kawai zan jefo ta, wa zai gani?"

Ya yi dariya har ta koma tari. "Kai da ko wando ba ka iya sa wa zariya daidai? Ka ƙone mini mata."

"Wallahi da gaske nake."

"Na sani, mutumina. Amana aka ba ni. Ajiye wayar nan." Ya ja numfashi. "In an ɗauke, ka dai zo da maficinka."

Na ce, "Ko ina tsakiyar ɗinki zan zo."

Ya ce, "To kar ka zo da allurar."