Ustaz Haruna da Masu Magana Biyu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka fito da gawar Yaya Haruna daga asibitin Soba. Ni ce ƙanwarsa ta ƙarshe, ni na yi jinyarsa har ciwon ƙoda ya ɗauke shi. Iyayenmu a gonakin auduga na Jazira suka tsufa, shi ne ya fara karatu a gidanmu, ya zama malamin Larabci a wata sakandare a Umdurman. Kowa Ustaz yake ce masa.

Duk shekara ɗalibansa sukan yi wani tsohon wasan kwaikwayo mai ban tausayi. An kashe ɗan sarki, manyan gari biyu masu gaba da juna suka tsaya gaban jama'a. Na farko ya ce a yi haƙuri. Ya jera hujjoji cikin sanyin murya, ya lissafa abin da yaƙi zai ci. Na biyu bai kawo hujja ko ɗaya ba. Uwar mamacin ya sa ta miƙe, ya riƙa jefa wa mutane tambaya yana yin shiru, har suka ba da amsar da yake so, suna zaton tasu ce. Suka bi shi, gari ya ƙone.

A tsakar gidanmu na unguwar Dar Salam Yaya yakan gwada muryoyin biyu, Inna tana toya kisra, gurasar dawa marar kauri, tana cewa karatu ya taɓa shi. Ni kullum bayan na farko nake. Wata rana ya ce mini, "Hajara, mai gaskiyar nan ma yana da alhaki. Ya yi wa mutane magana kamar ba a yi musu mutuwa ba. Gaskiya ɗaci gare ta, ai sai a san yadda za a miƙa ta."

Na ga abin da yake nufi shekarar da aka kashe wani saurayi ɗan unguwarmu a faɗan kasuwa. Samari suka taru da sanduna za su afka wa maƙwabtan da suke zargi da kisan. Yaya bai hau kan komai ba. Ya zauna a ƙasa kusa da uban yaron, ya ba da labarin yadda marigayin yake kai wa kakarsa ruwa a kan jaki, ya yi kuka kowa yana gani. Sai da aka yi tsit ya tambaye su gidan wa suke so a yi irin wannan zaman gobe. Kafin la'asar sanduna sun koma bayan ƙyaure.

Yau da zai leƙo Umdurman, ban san me zai gane ba. Makarantarsa babu rufi. Mu kanmu mun watse, ina rubuta wannan a garin da ba nawa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗansa Bashir. Da yaƙi ya iso, wani mai zaƙin baki ya riƙa tare samari a ƙofar masallaci yana zuga su su ɗauki makami. Na zaunar da Bashir, na faɗa masa duk abin da na sani. Ya saurare ni da ladabi, ya sumbaci kaina, ya ce, "Gwaggo, kin yi gaskiya, amma ba zan iya zama ba." Tun ranar babu labarinsa.

Nakan tambayi kaina me ubansa zai ce masa. Wataƙila shi ma da bai iya ba. Magana zarar bunu ce, kuma wanda ya riga ka shiga kunnen yaro ya riga ka. Amma na tabbata da Yaya ya fara tambayarsa abin da ke ƙona shi kafin ya faɗa masa abin da ke jiransa.

Littattafansa sun salwanta tare da gidan. Kabarinsa ma ban san halin da yake ciki ba. Abin da ya bar mini shi ne yaƙinin cewa ana iya juyo da mutum da baki, ko ya yi nisa. Shi ya sa kowace safiya, in na idar da sallah na yi wa Yaya addu'a, nakan shirya maganar da zan yi wa Bashir ranar da ya dawo. Har yanzu ban wuce sunansa ba.

Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya dawo mana da 'ya'yanmu.