Littattafan Noman Baba a Bola

Jiya na kai wa wani mota garin Mitchellville, sai na bi ta ƙofar gidan Baba, dattijon da ya sauke ni lokacin da na zo ƙasar nan. An sayar da gidan, an malale lambunsa da siminti. Na kira babban ɗansa na tambaye shi ina littattafan da Baba ya rubuta da hannunsa. Ya ce, "Kawu, ai mun zubar. Wa zai karanta?"

Na kashe wayar ko sallama babu.

Shekaru Baba ya yi yana tara kalmomin noma na Latin, harshen Rumawan dā, yana jera su kusa da namu. Wata Asabar na same shi a lambun, ƙasa ta sha ruwa tana ƙamshi, yana riƙe da fartanyar da ya taho da ita daga gida. Ya ce, "Alhaji, Rumawa ma huɗar fari sunanta daban, ta biyu daban, kamar yadda muke raba firi da maimai. Zauna in nuna maka."

Na ce, "Baba, motocina na jirana a tashar jirgin ruwa."

Ya goge hannu a rigarsa, ya ce, "To, wata rana."

Ni ko tsohuwar taya ba na yarwa sai na juya ta na duba. 'Ya'yansa kuwa, da digirorinsu, sun kwashi aikin mahaifinsu sun watsa a bola, ba wanda ya tambaye mu. Amma haushin kaina ya fi, don ni ya ce wa zauna.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya rubuta maka ladan kowane shafi, tunda mu ko ɗaya ba mu adana ba.