Ɗangiwa, Telan Masu Laima

Sunansa na yanka Dawuda, amma a Dogon Daji ba kowa ya san da shi ba. An ce ranar da aka haife shi ungozoma ta ɗaga shi ta ce wannan ai ɗan giwa ne, saboda girmansa. To, daga nan girman ya tsaya. Ya tashi ɗan gajere, siriri, in ya zauna kan keken ɗinki sai ya ɗaura katako a kan feda kafin ƙafarsa ta kai. Ni Bube, mai aikin wuyan riga, shekara ashirin da biyu muna rumfa ɗaya da shi a kasuwa, saboda haka abin da zan faɗa yawancinsa da idona na gani.

Ɗangiwa ya koyi ɗinki a Tambuwal wajen wani tsohon tela mai faɗa. Ya dawo gida da halin da wasu suke yabo wasu suke tsaki: ba ya sauri. Riga ɗaya sai ta yi kwana huɗu a hannunsa. Amma ɗinkinsa ba ya warwarewa, yadi ne zai tsufa ya mutu ya bar zaren a tsaye. Abu na biyu da aka san shi da shi, tsoron bisa. Ko rumbunsa ba ya hawa, sai ya roƙi maƙwabci ya ɗebo masa damin gero. Matarsa Kulu 'yar Fakku ce ta ƙasar Kebbe, kuma 'yan'uwanta manoma ne, ƙarti. Duk lokacin da ya je gaisuwa sai ƙannenta su ce ga turmi nan ko zai hau ya ga gari. Shi ma dariya yake yi.

Shekarar da ta biyo bayan an ba mu jihar Sakkwato, wani kamfanin gina hanya ya kafa bariki gabas da garinmu. Suka share wani fili mai tsawo domin ɗan ƙaramin jirgin sama da ke kawo musu kaya. Wata Lahadi da hantsi muka ji jirgin yana kewaye gari, muka ɗaga kai, sai muka ga mutane suna zubowa daga cikinsa. Mata suka yi salati, masu awaki suka saki igiya. Can sai wasu manyan laimomi suka buɗe, ja da fari, suna saukowa sannu kamar ba su da wata damuwa a duniya.

Washegari wata Landirofa ta tsaya gaban rumfarmu. Mutum biyu suka fito. Ɗaya Basakkwace ne, Injiniya Maccido, wanda ya yi karatu a Turai, can ya koyo wannan wasa. Ɗayan Bature ne, dogo mai jan wuya, wanda leburori suka sa wa suna Tambaya domin ba ya wuce komai bai tambayi sunansa ba. Suka shimfiɗa laima a kan tabarma. Ta faɗa kan farar ƙaya, ta yage kamar kamu ɗaya.

Maccido ya ce, "Malam Ɗangiwa, an ce min kaf ƙasar Tambuwal babu mai zarenka. Kana iya gyara wannan?"

Ɗangiwa ya shafa yadin, ya ɗaga shi ga rana, ya daɗe yana bin ɗinkin da yatsa. Ya ce, "Injiniya, mi aka yi da shi in ya gyaru?"

"Mutum ka rataya gare shi, daga sama har ƙasa."

"To, ku ba ni kwana shida, da zarenku, ba nawa ba. Kuma ku bar ni in warware wani wuri mai lafiya in ga yadda mai shi ya yi."

Tambaya ya so ya hana, Maccido ya ce a bar shi. Ranar da suka dawo, Baturen ya kama facin da hannu biyu, ya sa gwiwa, ya ja har fuskarsa ta ƙara ja. Bai motsa ba. Ya dubi ɗan guntun telan, ya ce da Hausarsa ta koyo, "Kai, wane ne ya koya maka?" Ɗangiwa ya ce wani tsoho ne a Tambuwal wanda bai taɓa ganin jirgi kusa ba.

Haka ya zama telan masu laima. Duk Lahadi motar bariki takan zo ta ɗauke shi da kekensa, ni ma nakan bi shi in ba ni da aiki. Su takwas ne a ƙungiyar. Ban da Maccido da Tambaya akwai wani tsohon soja ɗan Zuru, da wata ma'aikaciyar jinya Bayarabiya da ta fi kowa iya sauka daidai, da matuƙin jirgi, da wasu injiniyoyi. Abin da ya ba mu mamaki, a bakin aiki waɗannan mutane akwai babba akwai ƙarami, amma a gindin tsamiyar da suke taruwa babu. Kowa sai wani ya duba masa ɗamara kafin ya shiga jirgi, ko shi ne shugaban kamfani. Suna shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiyar fili, wanda ya sauka nesa da shi fiye da kowa shi ke wanke kwanonin abinci. Na sha ganin Tambaya durƙushe da toka da soso, leburorinsa suna wucewa suna kau da kai. Kulu ta riƙa aiko musu da fura a ƙwarya, har suka daina zuwa da lemunsu na kwalba.

A hankali tsohon sojan ya koya wa Ɗangiwa naɗin laima: yadda ake jera igiyoyi ɗaya bayan ɗaya, a ninke yadin, a tura shi cikin jaka yadda zai fito ba tare da ya sarƙe ba. Rashin saurinsa a nan ya zama alheri. Kafin damina ta ƙare kowa so yake Ɗangiwa ya naɗe masa.

Wata rana Maccido ya zauna kusa da shi yana ƙorafi, wai daɗin abin duk yana cikin 'yan daƙiƙun da mutum ke faɗowa kafin ya buɗe laima, kuma ba su da yawa. Ya ce da za a samu abin da zai riƙe mutum a iska kaɗan, ya tafi gaba maimakon ya zubo kamar dutse. Tambaya ya girgiza kai, ya ce a ƙasarsu an yi masu ɗaura fukafukan katako da ƙarfe, kuma yawancinsu ba su tsufa ba.

Muka dawo kasuwa. Muna zaune wani alhaji ya wuce a kan babur, iska ta cika masa babbar riga ta baya har tana neman ɗaga shi daga sirdi. Ɗangiwa ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Ya ce, "Bube, ba a buƙatar katako. Yadi kaɗai ya isa, in an san inda za a kama shi."

Ya ɗauki rigar aikin Maccido mai haɗe da wando, ya ɗinka mata yadin laima daga gwiwar hannu zuwa ƙugu, dama da hagu, da wani ɗan guntu tsakanin cinyoyi. Ya bar hannuwan sake yadda zai kai ga mariƙin buɗe laima ba wahala, wannan kuwa Tambaya ya sa aka gwada shi a ƙasa ya fi sau talatin. Da Maccido ya saka ya buɗe hannu, ma'aikaciyar jinyar ta ce ga jemage ya fito da rana. Sunan ya bi rigar.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Muna ƙasa muka ga Maccido yana juyawa kamar mazari, ya yi maza ya buɗe laima, ya sauka can cikin gonar dawa. Ya dawo yana dariya, amma Ɗangiwa bai yi ba. Ya auna fukafukan, ya tarar na hagu ya fi na dama da faɗin yatsa biyu. Ya warware duka ya sake. A gwaji na uku muka ga mutum ya fito daga jirgi ya miƙe, yana zamewa gaba kamar shirwa. Da ya sauka ya ce bai fi daƙiƙa biyar ta ƙara masa ba, amma waɗannan biyar ɗin ba zai ba da su a kan komai ba. Ya rungume telan har ƙafafunsa suka bar ƙasa.

Abin da ya kai Ɗangiwa sama kuwa magana ce. Wani sabon injiniya ya zo daga Ikko, aka miƙa masa laimar da Ɗangiwa ya naɗe. Ya tambaya ko mai naɗin ya taɓa sauka da irinta. Aka ce a'a. Ya ajiye ta ya ɗauki wata. Ba da wulaƙanci ya yi ba, kuma ba wanda ya ƙara tada zancen. Amma kwana uku abin yana cin Ɗangiwa a rai. Rana ta huɗu ya tafi wajen wansa, Malam Gidaɗo, mai karantarwa a zaure, ni kuma na raka shi.

Ya ce, "Yaya, in mutum ya fito daga jirgi da laima, ya jefa kansa ga halaka ke nan?"

Malam ya rufe littafin da ke gabansa. Ya ce, "Su waɗanda kaka naɗe ma, halaka kaka tura su?"

"A'a. Iyakar sanina nika yi musu."

"To, in kana da shakka ga aikinka, ka bar ba mutane. In ba ka da ita, ka san amsarka. Sai dai ka shawarci Kulu, ita ta fi ni haƙƙi."

Kulu tana tankaɗe lokacin da Ɗangiwa ya gaya mata. Ta ajiye rariya ta dube shi. Ta ce, "Malam, kai da ba ka hawan rumbu?" Ya ce rumbu ba shi da laima. Ta ce to, in dai zai yi, a yi shi inda 'yan'uwanta za su gani, domin in an ba su labari ba za su yarda ba.

Sati shida tsohon sojan yana horar da shi. Ya fara da tsalle daga kan durom, ya haɗa ƙafafu, ya faɗi ta gefe ya mirgina. Ranar farko sai da aka riƙe masa hannu kafin ya hau durom ɗin. Daga nan aka koma rufin Landirofa. Ya zo kasuwa da ƙugu a kumbure, yana taka feda yana cije leɓe.

Bayan an gama girbi aka gayyaci ƙungiyar ta yi wasa a bikin nunin amfanin gona a Kebbe. Mutanen Fakku suka zo cike da akori-kura biyu. Ɗangiwa ya naɗe laimarsa da hannunsa, ya warware, ya sake naɗewa. Irin wadda ake ba ɗan koyo ce, mai igiya ɗaure a jikin jirgi, da ka fita ita za ta buɗe maka. Da aka ɗaura masa ita da ta ko-ta-kwana a ƙirji, sai ya zama kamar kaya ne suka ɗauko mutum.

Abin da ya faru a sama, Maccido ne ya ba ni rabi, Ɗangiwa ya ba ni rabi. Jirgi ya kai ƙafa dubu uku, aka ce ya matso bakin ƙofa. Ya matso, ya leƙa, ya ƙanƙame ƙarfe. Matuƙi ya wuce filin, ya kewayo. Maccido ya sa baki a kunnensa ya ce in ya fasa ba wanda zai ga laifinsa, sai su sauka tare da jirgi. Ɗangiwa ya ce, "Injiniya, ƙannen Kulu fuɗu na ƙasa." Ya yi bisimilla, ya rufe ido, ya saki.

Ya ce bai san komai ba sai da ya ji an fizge shi ta kafaɗu. Da ya buɗe ido bai dubi ƙasa ba, sama ya duba, yana bin ɗinkin laimar layi-layi, har ya gano facin da ya yi mata da damina, yana nan daram. Sai a lokacin ya lura da shirun. Ƙarar jirgi ta tafi, yana jin dakan turmi daga wani ƙauye da kukan jaki, ga gulbi yana ƙyalli, ga gonaki kamar an yanka ƙyallaye an jera. Ya ce tsoron bai tafi ba, amma ya matsa gefe ya ba shi wuri.

Ya manta da jan igiyar juyawa, saboda haka iska ta wuce da shi filin biki, ta ajiye shi a wata gonar gyaɗa da aka riga aka cire. Ya haɗa ƙafa, ya mirgina yadda aka koya masa, laima ta ja shi kamar taku goma cikin ƙasa mai laushi. Ƙannen Kulu ne suka fara isa wurin da gudu. Suka ɗauke shi a kafaɗa har gaban rumfar manyan baƙi, yana roƙonsu su sauke shi domin jiri yake ji. Ita Kulu tana cikin mata, ta ja mayafi ta rufe fuska, ba a san kuka take ko dariya ba. A ranar Ɗangiwa ne ya wanke kwanoni, sabon injiniyan nan na Ikko yana ɗauraye masa.

Bai ƙara hawa ba. In an tambaye shi sai ya ce abin da ya je dubawa ya gani. Ya ci gaba da naɗi da faci har aka gama hanya, kamfani ya kwashe barikinsa ya yi kudu, ciyawa ta cinye filin jirgi. Maccido ya koma Sakkwato, amma duk sallah sai ya aiko da yadi a ɗinka masa kaftani, ya ce ba ya sa ɗinkin kowa. Direbobin manyan motoci kuma suka gano cewa tamfol ɗin da Ɗangiwa ya ɗinka ba ya yoyo, suka riƙa tsayawa Dogon Daji saboda shi.

Bayan shekara uku Allah ya kira shi aikin hajji, muka tafi jirgi ɗaya. Da muka daidaita a sama ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya shafa aljihun gabansa, sannan ya kira ma'aikacin jirgi ya tambaye shi a ina suke ajiye laimomin fasinja. Mutumin ya ce babu, ba a sa su a irin wannan jirgi. Ɗangiwa ya juya ya dubi alhazai sama da ɗari biyu, wasu na barci, wasu na cin dabino. Ya sunkuyo ya ce mini, "Bube, kada ka faɗa ma kowa, hankalinsu kwance shike." Ya ciro carbinsa, bai ajiye shi ba sai da tayoyi suka taɓa ƙasa a Jidda.