Masara da Wake a Kan Tabarma

Wahala dai mun sha ta, babu wani daɗin faɗi. Shekarar da aka rufe makarantar kwanan ɗiyata saboda 'yan bindiga, mu ma muka baro ƙauyenmu na ƙasar Faskari, muka raɓe a gidan wani ɗan'uwana a Yankara. Littattafanta na can makaranta cikin akwati, ba wanda ya koma ɗaukowa. Ga jarrabawar gama sakandare ta matso, aka ce a Ƙanƙara za su rubuta.

Ni na riga na yanke, ba ta zuwa. Na san mutanen da hanyar nan ta ci.

Ita ko ba ta bar karatu ba. Sai ta ɗebi masara da wake daga ɗan abin da muka tsira da shi, ta yi ta jerawa bisa tabarma, uwarta na faɗa: "Ke, da abincin namu kike wasa?"

Wata rana bayan la'asar na dawo daga ƙwadago, bayana kamar ya tsage. Na zauna na ce, "Mi ke nan kuma?"

"Kemistiri ne, Baba. Komi na duniya ƙananan ƙwayoyi ne da ido bai gani, atam. Masarar nan ita ce atam, waken da ke kewaye da ita ilektaron. Yadda suke ɗaure da juna nake bita."

Ni aji uku na firamare na tsaya, amma na ce ta nuna mani. Ta tura wake biyu tsakanin masara biyu, ta ce tarayya suke yi a kansu, irin ɗaurin da ke cikin ruwa ke nan. Na ƙarfe kuma kowa ke zuba nashi tsakiya, su yi ta yawo. Sannan ta ɗauke wake ɗaya daga nan ta ba waccan.

"Wannan na gishiri ne. Ɗaya ya bayar, ɗaya ya amshe, sai su manne."

"Wanda aka amshe ma, shi ke manne ma wanda ya amshe?"

"E, Baba."

Na ce wannan kam na san shi. Haka muka zauna da mutanen daji, 'yan bindigar nan. Mu ba su hatsi, mu nome masu gona, mu kasa tashi.

"Ba haka ba ne, Baba. Shi atam ɗin so yake ya bayar."

"Mu ma haka aka ce mu riƙa cewa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce nan malaminsu na kemistiri ya tsaya masu, sauran ita ke haɗawa da kanta. Malamin nasu a hanyar Sabuwa aka ɗauke shi, har yau shiru. Ta shiga tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, tana hure ƙasa, ta maida ma uwarta cikin kwano.

Ina kallonta raina ya ɓaci. Mutanen daji sun kore shanu, sun hana gona. In na zaunar da ita, sun amshe wannan ma ba tare da sun tako ba. In na kai ta, ƙila in dawo ni kaɗai, ko kar in dawo. Ban samu wanda zai zaɓa mani ba.

Ranar jarrabawa da safe na aro babur. Muka tsaya tasha har motar farko ta iso daga Ƙanƙara, na tambayi direban hanya, ya ce shi dai ya wuce. Ta hau bayana. Na ce mata, "In na ce sauka, ki faɗa cikin dawa ki yi ta gudu, kar ki waiwaye ni." Na tada babur.